Nishi a Rijiyar Malam Yahya

Ranar wata Litinin bayan sallar isha'i, Hajiya Rahmatu ta ɗauki guga ta nufi rijiyar tsakar gidanta. Akwai burtsatse a gidan, amma ita ta ce ruwan rijiya ya fi daɗin shayi. Ta ɗaga murfin ƙarfe ke nan sai ta ji wani abu yana tasowa daga can ƙasa: gudum, gudum-gudum, gudum. A bayansa sai ga wata murya ta namiji, mai kauri, mai sanyi, kamar ta wanda aka tasa daga barci aka ce ya karanta sanarwar rasuwa. Ta saki guga da igiyarsa, ta bar takalmi ɗaya a bakin rijiya, ta faɗa falo tana salati.

"Alhaji! Alhaji, fito ka ji abin da ke cikin rijiyarmu!"

Mijinta, Alhaji Abdulƙadir, tsohon darakta ne a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai natsuwa wanda ko atishawa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya yi. Ya fito da tocila ya tsaya a bakin rijiya, ya karkata kai. Ya daɗe yana saurare, har ya wuce yadda mai jin tsoro yakan daɗe.

"Ƙila kwaɗo ne," in ji shi a ƙarshe.

"Kwaɗo? Yaushe kwaɗi suka ɗauki makaɗi? Alhaji, wannan kiɗan mutanen ɓoye ne. Kakata ta sha faɗa mana."

To, gara a faɗi yadda rijiyar nan take. Rijiya ɗaya ce, gida biyu. An haƙa ta tun layinmu na Kinkinau a Kaduna yana gonaki, da aka zo gina katanga tsakanin gidan Alhaji da na maƙwabcinsa Malam Yahya, sai aka bi ta kan bakinta aka raba shi biyu. Kowane gida da rabinsa da murfinsa, kuma wanda ya leƙa ta wannan gefe ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin murfin wancan. Gidan Malam Yahya ba famfo, ba burtsatse. Rijiyar ita ce shansu, ita ce wankinsu, ita ce alwalarsu.

A daidai lokacin da Hajiya ke salati, Malam Yahya yana kwance rigingine a kan nasa murfin, idanu a rufe, yana murmushi. Bai ji ihunta ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa ta Kakuri, har ranar da aka ɗaure ƙofarta da sarƙa, kuma ya baro wurin da abu biyu: nauyin kunne da son tarkace. A ɗakinsa akwai agogon bango mai hannu ɗaya, da rabin tafireta, da ɗamarar kujerar jirgin sama, da wata kwalba mai ƙaramin jirgin ruwa a ciki, wadda ya shekara bakwai yana tunanin ta ina aka shigar da shi.

A wurin wani ɗan gwangwan a Mando ya samo garmaho mai aiki da lantarki, haɗe da faifai guda ɗaya tak. Kwalin faifan launin toka ne. A gabansa ba hoton mawaƙi, ba mota, ba fure, sai jerin tagogi na wani dogon gini, wasu a fashe. A bayansa samarin Turawa huɗu ne, ramammu, cikin manyan kwatoci, ba mai murmushi, kowa ya kalli wani wuri daban kamar yanzu aka gama yi musu faɗa. A ƙasa an rubuta 1980. Karatun bokon Malam Yahya a aji huɗu ya tsaya, yana iya haɗa baƙi amma ma'ana takan zille masa, don haka bai wahalar da kansa da sunansu ba. Ya raɗa musu 'Yan Taga.

Ranar da ya fara ɗora allura a kan faifan, ya zaci garmahon ne ya lalace. Ya san kiɗan Turawa irin na rediyo, mai zaƙi kamar alewa. Wannan ba zaƙi. Gangar busasshiya ce, kamar ana ƙwanƙwasa kabad ɗin da ba komai a ciki, ba ta sauri ba ta hutawa. Wata jita tana zuwa ta karce iska kamar an ja kwano a kan siminti, sai ta ɓace. Babbar jita kuwa, mai kaurin murya, wadda a sauran kiɗe-kiɗe take laɓewa a baya, a nan ita ce a gaba tana jan kowa da igiya. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne mawaƙin. Ya saurari gefe biyu, waƙa tara cur, bai ji an wasa kowa ba, bai ji an roƙi kowa ba. Mutum ne kawai yana faɗin abin da ke ransa, kuma da alama ko an saurara ko ba a saurara ba duk ɗaya ne a wurinsa.

A saurare na uku ne ya lura hannunsa na dama yana miƙewa shi kaɗai, yatsunsa suna ƙulla wani zaren da babu shi. Sai ya gane. Wannan bugun, bugun ɗakin saƙa ne, lokacin da injuna ɗari biyu suka daidaita numfashinsu bayan an canja ma'aikatan safe. Ya zauna a ƙasa har allura ta kai ƙarshe tana ta ƙyas-ƙyas.

Matarsa Atika ba ta gane ba. Ta leƙo ɗaki ta saurara kaɗan, ta ce, "Malam, wannan bawan Allah ciwon ciki yake yi? A jiƙa masa kanwa mana."

Masu gyaran rediyo na Kaduna sun daɗe da sanin cewa in ka kifa sifika a bakin randa, kiɗa yakan yi kauri har ka ji shi a ƙirji. Mai nauyin kunne kuwa ƙirji ne kunnensa. Malam Yahya ya juye ruwan randar Atika a bokiti ya gwada, abin ya yi kyau. Atika ta dawo ta ƙwace randarta, ta ce in ya sake taɓa ta, a kansa za ta kifa ta. Ya kwana biyu yana tunani. Ran na uku yana alwala a bakin rijiya sai tunanin ya faɗo masa: shin mece ce rijiya in ba randa mai gaba takwas ba?

Atika tana zuwa Islamiyyar matan aure bayan isha'i, Litinin zuwa Laraba. Tana fita ya ja waya daga ɗaki, ya ɗaure sifika da igiya a ƙarƙashin murfinsa, ya shimfiɗa tabarma a kai ya kwanta. Wallahi abin da ya ji a haƙarƙarinsa ran nan, in ji shi daga baya, ko a masaƙar bai ji irinsa ba.

Talata ma ya yi. Laraba ma ya yi. Can ɗaya gefen kuwa, Hajiya ta daina fitowa tsakar gida da zarar an yi magariba. Alhaji ne ya ɗauki kujerarsa ya ajiye kusa da rijiya, ya ce gadi zai yi. Hajiya tana leƙensa ta taga, tana ganin ƙafarsa ta dama tana motsi sama da ƙasa.

"Dubi bawan Allah," ta gaya wa maƙwabta washegari, "ƙafarsa har rawa take yi don tsoro, amma ya ƙi tashi. Ai Alhaji tun yana saurayi haka yake. Shekara biyu ya yi kwas a Ingila, daga aji sai ɗakin karatu, daga ɗakin karatu sai masallaci. Ko sunan titin bayan gidansu bai sani ba."

Ranar Alhamis Atika ta dawo daga gidan Hajiya da labari. Ta durƙusa kusa da kunnen mijinta mai ɗan dama-dama ta ce an ce akwai aljanu a rijiya, an ma aika a kira Malam Datti. Malam Yahya yana cin tuwo, ya mayar da loma cikin kwano. Tana shiga kicin ya lallaɓa ya kwance sifika, ya tura garmaho ƙarƙashin gado, ya rufe da tsohon bargo.

Malam Datti shi ne mai makarantar allo ta bakin layi, dattijo ne mai sauƙin kai. Ya zo ya zauna a bakin rijiya tun daga magariba har bayan isha'i, bai ji komai ba sai sauro. Ya yi addu'a, ya sa aka ɗebo ruwan ya sha kofi guda a gaban kowa.

"Hajiya, ruwa lafiya lau. Ku yi bisimilla ku sha. Rijiya ni'ima ce, ba a wasa da ita."

"Allah gafarta Malam, ai shirun nan ne ya fi ba ni tsoro. Kwana uku suna kiɗa, ranar da na ce a kira ka suka yi tsit. Wa ya gaya musu? Ashe suna jin duk abin da muke faɗa a gidan nan!"

"To ko dai..." Alhaji ya fara.

"Ba ko dai. Na riga na yi magana da Ashiru mai tifa. Asabar da safe zai kawo jar ƙasa a cike ta. Su Atika su riƙa zuwa suna ɗiba a burtsatse, ai ba mu hana ba."

Da take ba Atika labari, Hajiya ta kwaikwayi ƙarar da bakinta: gudum, gudum-gudum, gudum. Atika ta kasa kunne. Ta san wannan gudum ɗin, ta taɓa jin sa yana fitowa daga randarta. Ta koma gida ta sami Malam Yahya yana goge kwalbar jirgin ruwansa da bai taɓa gogewa ba.

"Malam, ina mai ciwon cikin nan naka? Kwana biyu ban ji shi ba."

"Ya huta."

"A rijiya ya huta?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwalba ta kusa suɓuce masa.

"Atika, ki rufa mini asiri. Shekarata saba'in da ɗaya. A sahun gaba nake salla. In fita in ce wa jama'a ni ne na rataya wa Turawa sifika a rijiya?"

"To kada ka faɗa. Amma ka sani, ni ban tsufa don in riƙa ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya da bokiti sau biyar a rana ba. Kai za ka ɗebo. Kuma ranar da ba wuta injinsu bai ja ruwa ba, sai ka yi taimama a gaban 'Yan Tagar taka."

Asabar da hantsi tifa ta shigo layi da baya-baya, ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Leburori biyu suka sauko da shebur da baro. Jama'a suka taru, don ba kullum ake binne aljanu a Kinkinau ba. An cika baro na farko an turo shi tsakar gida ke nan, sai ga Malam Yahya ya shigo rungume da garmaho, sifika tana reto a wuyansa, faifai a hammata. Atika tana biye da shi kamar mai kora akuya zuwa kasuwa.

"Ku dakata," ya ce, da ƙarfi irin na masu nauyin kunne. "Ba aljanu ba ne. Ni ne."

Ya faɗi komai, tun daga Mando har randa. Da ya kai wurin da ya ce rijiya randa ce mai gaba takwas, Malam Datti ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna girgiza. Hajiya kuwa ko gezau.

"Malam Yahya, na san kana son rijiyar nan, mu ma muna so. Amma kada ka ɗauki laifin mutanen ɓoye ka ɗora wa kanka. Abin da na ji ba na'ura ba ce."

"To a jona a ji!" in ji Malam Yahya.

Aka jona. Shiru. Tun asuba aka ɗauke wuta, kowa ya manta. Malam Yahya ya juya faifan da yatsa, allura ta yi wani ɗan ƙaramin kuka kamar sauro a cikin kofi. Wani daga baya ya ce tsufa ya fara taɓa Baba Yahya. Ashiru mai tifa ya danna ham a waje, ya leƙo ya ce yana da lodi biyu a Rigachikun kafin azahar, a zuba ko ya juya?

"A zuba," in ji Hajiya.

Lebura ya ɗaga hannun baro. Malam Yahya ya dubi rijiyar, ya dubi Atika. Kwalin faifan ya zame daga hammatarsa ya faɗi a gaban Alhaji Abdulƙadir. Alhaji ya sunkuya ya ɗauka. Ya dubi tagogin, ya juya ya dubi samarin nan huɗu, ya shafa gefen kwalin da babban yatsa.

"Ajiye baron nan," ya ce.

Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya nufi bayan gida. Mutumin da ba a taɓa ganin ya ɗaga ko buta biyu a lokaci guda ba, sai ga shi yana fizgar igiyar janareto. A ja na huɗu ya tashi. Malam Yahya ya zura sifika ta gefen Hajiya, ya mayar da murfi, ya ɗora allura. Ganga ta fara, jita ta karce, rijiya ta amsa. Yara suka ja da baya.

Hajiya ta saurara, ta girgiza kai. "A'a. Ya yi kama, amma ba shi ba ne. Nawa ba shi da wannan ƙarar kwanon. Nawa gudum ne kawai, sannan mutumin ya fara nishi. Kun gani? Na gaya muku. Ashiru, ku zuba."

"Ba wannan gefen ba ne, Malam Yahya," in ji Alhaji. "Juya faifan. Waƙa ta biyu a ɗaya gefen. Ita ce babbar jita ke farawa ita kaɗai."

Malam Yahya ya juya faifan, ya ƙirga layi, ya sauke allura. Gudum, gudum-gudum, gudum. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, shi ne!" Sai ga muryar nan mai sanyi ta taso daga gaba takwas, sai kuma ga wata murya a sama tana bin ta kalma da kalma, ba tuntuɓe ko ɗaya. Kowa ya waiwaya. Alhaji ne, idanu a lumshe, ƙafar dama tana sama da ƙasa.

"Alhaji," Malam Yahya ya matso da kunnensa mai dama-dama, "don Allah me yake cewa? Wata biyu ina son in sani."

"Cewa yake an kashe injuna an tafi da makulli, amma shi har yanzu yana jin su a cikin haƙoransa." Alhaji bai buɗe ido ba. "Faifansu na farko ke nan. Yaran wani gari ne a arewacin Ingila, iyayensu duk ma'aikatan masaƙa ne, aka rufe ta. Kafin su an yi wasu masu ihu da fashe-fashe, ana ce wa kiɗansu fank. Waɗannan su ne suka zo bayan ihu ya ƙare. Kwana shida suka yi suna ɗaukarsa a wani tsohon sito, shi ya sa kake jin fili a ciki. Wannan dogon na hagu shi ne mai babbar jita. A nan yake rataye ta, kusan a gwiwa, kuma ba ya kallon jama'a ko sau ɗaya, sai dai ya juya musu baya. Takalminsa ma ɗaya a yage yake."

"Masaƙa!" Malam Yahya ya buga cinya. "Atika, kin ji? Masaƙa! Na ce miki ba ciwon ciki ba ne!"

"Na ji. Cire mini shi daga ruwan shana."

Malam Datti ya miƙe yana share ido. Ya ce shi dai a fatawarsa rijiya ta tsira, sifika kuma ta koma randa, randar ma ba ta Atika ba. Ya ƙara da cewa Malam Yahya ya yanko guga sabo ya ba Hajiya, tun da nata yana ƙasa tare da Turawa. Jar ƙasar kuwa aka ce Ashiru ya juye ta a ramin bakin layi da ya shekara uku yana cin tayoyin Keke Napep. Leburori suka juya baro suka fita da shi a cike yadda suka shigo da shi.

Jama'a suka fara watsewa suna dariya. Alhaji ya riƙe kwalin bai mayar ba, ya sunkuya wajen kunnen Malam Yahya, a zatonsa a hankali yake magana. Amma wanda zai yi wa mai nauyin kunne raɗa, sai layi duka ya ji.

"Litinin in Atika ta tafi makaranta ka aiko a kira ni. Akwai wata tsohuwar randa a sitonmu. Waƙar ƙarshe a gefen farko, kada ka ji ta ba ni, sai an ji ta da mutum biyu."

Hajiya Rahmatu tana tsaye inda take tun ɗazu. Ta dubi ƙafar mijinta, wadda har yanzu ba ta daina motsi ba. Ta dubi samarin nan huɗu ramammu a bayan kwali, ta nemi takalmansu, hoton ma a gwiwa ya tsaya, ba a ga ƙafar kowa ba.

"Alhaji," ta ce, "a ɗakin karatun ne ka ga yagaggen takalmin, ko a masallacin?"

Malam Datti ya sa kai ya fita. Atika ta sunkuya tana naɗe rarar waya. Malam Yahya kuwa, karo na farko a rayuwarsa, ya gode wa Allah da nauyin kunne. A can ƙasa, babbar jita ta ci gaba da abinta.